Gonakin inabi a ƙasar hazo: yadda Ingila ta kutsa cikin sana'ar Faransawa

A watan Maris na 2025 kamfanin Taittinger, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da ke yin giyar Shamfen a Faransa, ya fito da wata sabuwar giya kasuwa wadda ko ƙwaya ɗaya ta inabinta ba a Faransa aka noma ba. A gundumar Kent da ke kudu maso gabashin Ingila aka noma shi, kusa da ƙauyen Chilham, a wani fili da a da gonar tuffa ce. Kamfanin ya sayi filin a 2015, ya dasa kurangar farko a 2017, ya raɗa wa gonar suna Domaine Evremond, sannan ya zauna jiran shekara takwas kafin ya sayar da kwalba ta farko.

Wanda ya san tsohuwar zolayar da ke tsakanin Faransawa da Ingilishi a kan abinci da abin sha zai gane girman wannan labari. Sai dai a daidai lokacin da ake yayata shi, wasu labaran na daban suna fitowa daga wannan sana'a: rumbuna cike da kwalaben da ba a sayar ba, kamfanoni na neman masu saye, kakar 2024 ta zo da rabin abin da aka samu a 2023. To wanne ne gaskiya, bunƙasa ko durƙushewa? Mafi yawan masu karanta Hausa ba ruwansu da giya, addini ya riga ya raba su da ita. Amma batun ya wuce na kwalba, domin a cikinsa akwai sauyin yanayi, da farashin ƙasa, da haraji, da 'yan ƙwadagon da ke ƙetare iyaka don cin rani.

Sunaye uku da ake rikitawa

Giyar inabi iri biyu ce a nan. Akwai marar kumfa, wadda ake matse inabi, a bar ruwan ya tsimu har sukarin cikinsa ya juye barasa, a zuba a kwalba. Akwai kuma mai kumfa, wadda ake tsare iskar da tsimuwar ke fitarwa a cikin kwalbar, shi ya sa murfinta ke tashi da ƙara idan an buɗe. Shamfen ita ce ta fi shahara a wannan jinsi, amma sunan na wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kuma doka ta hana kowa amfani da shi sai wanda ya noma inabinsa a can. Ko da manomin Kent ya dasa iri ɗaya da na Faransawa, ya bi hanyarsu tiryan-tiryan, ba shi da ikon kiran kayansa Shamfen.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane har a can Birtaniya shi ne bambancin giyar Ingila da giyar Birtaniya. Wadda aka rubuta wa sunan Ingila dole inabinta ya fito daga ƙasar Ingila. Wadda aka rubuta wa sunan Birtaniya kuwa, ruwan inabi ne mai kauri ake shigowa da shi daga waje, a tsinka shi, a tsima, a sayar da araha. Manoman Ingila sun daɗe suna kukan cewa wannan suna na zubar musu da daraja.

Alƙaluman da za a gani nan gaba na Ingila ne da Wales a haɗe, kodayake kusan dukkan gonakin a Ingila suke.

Ba yau aka fara ba

Littafin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086 ya ambaci gonakin inabi fiye da 40 a Ingila. Abin da ya fara karya su ciniki ne. A 1152 Henry, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu, ya auri Eleanor ta Aquitaine, sai yankin Bordeaux na Faransa ya shigo ƙarƙashin sarautar Ingila, giyarsa ta riƙa kwararowa ta teku cikin rahusa. Daga baya yanayi ya ƙara sanyi, sannan Henry na Takwas ya rushe gidajen sufayen coci daga 1536, alhali su ne ke riƙe da gonaki da yawa. Ingila ta koma mai saye, ta bar noman ga wasu.

Akwai wani ɗan tarihi da Ingilishi ke son tunatar da Faransawa. A 1662 wani likita mai suna Christopher Merret ya gabatar wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan takarda, inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar birnin ke ƙara wa giya sukari don ta yi kumfa. Gilashin Ingila na wancan zamani, da ake narkawa da wutar gawayin ƙasa, ya fi na Faransa ƙarfi, shi ne ke iya jure matsin iskar ba tare da ya fashe ba.

Noman zamani ya dawo ne a 1952, lokacin da wani janar mai ritaya, Sir Guy Salisbury-Jones, ya dasa inabi a Hambledon da ke Hampshire. Waɗanda suka biyo bayansa galibi masu sha'awa ne, suna dasa irin Jamus mai jure sanyi kamar Müller-Thurgau da Reichensteiner. Abin da suke samu yakan fito da tsami, sai a rufe tsamin da zaƙi. Har cikin shekarun 1980 ba wanda ke ɗaukar su da muhimmanci.

Amurkawa biyu da suka ƙi jin shawara

A 1988 wasu ma'aurata daga birnin Chicago, Stuart da Sandy Moss, suka dasa inabi a gonar Nyetimber da ke Sussex ta Yamma. Maimakon irin Jamus da kowa ke dasawa, sai suka ɗauko iri ukun da ake yin Shamfen da su: Chardonnay, Pinot Noir da Pinot Meunier. An gaya musu ba za su nuna ba a wannan sanyi. Dabararsu ita ce, giya mai kumfa ba ta buƙatar inabin da ya nuna luguf. Abin da take so shi ne inabi mai tsami sosai, sukari daidai gwargwado. Ke nan abin da ya zama aibi ga marar kumfa a Ingila shi ne ainihin abin da mai kumfa ke nema.

Giyarsu ta kakar 1992 ta ba masu ɗanɗano mamaki da ta fito. A 1995 iyalan Roberts suka kafa Ridgeview a Sussex bisa wannan tsari, kuma a 2010 wata giyarsu ta lashe kambin mai kumfa mafi kyau a gasar duniya ta mujallar Decanter, ta doke na Shamfen. Daga nan kowa ya juya. Yau waɗannan iri uku su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na duk inabin da ke dashe a ƙasar, kuma tsakanin biyu bisa uku da uku bisa huɗu na abin da ake sarrafawa mai kumfa ne, gwargwadon yadda kaka ta zo.

Ga yadda aikin yake, don a gane dalilin tsadarsa. Bayan an matse inabi an tsima ruwan a manyan tankuna, sai a zuba shi a kwalabe, a ƙara ɗan sukari da yis, a toshe da murfin ƙarfe irin na kwalbar lemo. Tsimuwa ta biyu a cikin kwalbar take faruwa, iskar ba ta da mafita, matsinta har ya ninka na tayar mota. Sai a jera kwalaben a kwance a ɗaki mai sanyi da duhu, wata tara aƙalla, manyan gidaje kuwa shekara uku ko fiye. Idan lokaci ya yi, a riƙa juya kwalbar kaɗan-kaɗan, baki na kallon ƙasa, har dattin yis ya taru a wuya. A daskarar da wuyan, a buɗe, iskar ta harbo dunƙulen dattin waje, a cike gurbin, a sa toshiya da waya. Kurangar kanta sai ta shekara uku kafin ta ba da amfanin kirki. Mai zuba jari zai iya kashe kuɗi shekara bakwai ko takwas bai ga sisi ya dawo ba.

Ƙasa da sama

Ana yawan cewa sirrin Ingila alli ne. Akwai gaskiya a ciki. Shimfiɗar farin dutsen alli da ke ƙarƙashin yankin Shamfen ta ratsa ƙarƙashin teku ta ɓullo a kudancin Ingila, ita ce ake gani a fararen tsaunukan bakin teku na Dover, ita ce kuma tuddan Kent da Sussex da Hampshire. Alli na tsotse ruwan sama idan ya yi yawa, ya riƙe laima ga saiwa idan an yi fari. Amma allin nan yana wurin tun kafin a san Ingila, kuma gonaki da dama da suka yi suna a kan yashi ko yumɓu suke. Abin da ya sauya shi ne yanayi.

A da ana koyar da cewa inabin giya na yin kyau ne tsakanin layi na 30 da na 50 daga tsakiyar duniya. Kudancin Ingila na wajen na 51, wato ya ɗan haura iyaka. Daga shekarun 1980 zuwa yau zafin watannin noma a can ya ƙaru da kimanin digiri ɗaya. Ga mutumin da ya saba da zafin Maiduguri ko Sakkwato digiri ɗaya ba abin magana ba ne, amma ga tsiron da ke bakin iyakar inda zai iya rayuwa, shi ne bambancin nuna da rashin nuna. A ranar 19 ga Yulin 2022 aka auna digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da Birtaniya ta haura 40 a tarihin aune-aunenta. Hukumar yanayi ta ƙasar ta ce watannin Yuni zuwa Agustan 2025 su ne mafi zafi da ta taɓa aunawa.

Sai dai ɗumamar ba ta zo ita kaɗai ba. Idan sanyin hunturu ya yi sauƙi, kuranga kan yi saurin toho tun farkon Afrilu. To a wannan wata har yanzu akan samu daren da sama ke washewa, sanyi ya sauko ya daskarar da raɓa, sabon toho ya ƙone kamar an babbake shi. Haka ya faru a ƙarshen Afrilun 2017, gonaki da yawa suka yi asara mai yawa cikin 'yan darare. A irin wannan dare manomi ba ya barci. Na'urar auna sanyi na buga masa waya wajen ƙarfe biyu ko uku, ya tashi ma'aikata, su bi layi-layi suna kunna manyan kyandirori da ke cikin gwangwanaye kamar na fenti, ɗaruruwa a gona guda, don iskar da ke kusa da ƙasa ta ɗan yi ɗumi har gari ya waye. Hotunan na da kyau a jarida, amma kowane dare kuɗi ne ke ƙonewa.

Ruwa ma haka. Ingila tsibiri ce, iskar teku na kawo ruwa a kowane lokaci. Idan ya sauka lokacin fure a Yuni da Yuli, 'ya'ya ba sa kamawa. Idan laima ta daɗe, funfuna ta mamaye ganye. A 2012 abin ya yi muni har Nyetimber ta sanar cewa ba za ta tsinki ko ƙwaya ɗaya ba. Alƙaluman shekaru sun nuna wannan hawa da sauka ƙarara: kwalba miliyan 13.1 a 2018, miliyan 12.2 a 2022, miliyan 21.6 a 2023, sai miliyan 10.7 a 2024 da ruwa da funfuna suka yi ɓarna.

Masu kuɗin da suka shigo

Hekta ɗaya ta gonar inabi a Shamfen ta haura Yuro miliyan ɗaya, kuma iyakar yankin a kulle take, ba a ƙara fili yadda aka ga dama. A kudancin Ingila ana samun filin da ya dace da ɗan ƙaramin kaso na wannan kuɗi. Ga shi kuma zafi ya fara damun Shamfen kanta, inabi na nuna da wuri, tsamin da ake nema na raguwa. Don haka sayen fili a Kent tamkar ajiye guzuri ne ga kamfanin Faransa. Bayan Taittinger, gidan Pommery na Shamfen ma na noma a Hampshire. Kamfanin Henkell Freixenet na Jamus ya sayi gonar Bolney a 2022, sannan Jackson Family Wines na jihar Kaliforniya ya shiga Essex a 2023. A cikin gida kuwa, yawancin sababbin gonakin na attajirai ne da suka tara dukiya a harkar banki ko kasuwanci, sai manoman hatsi da 'ya'yan itace da ke neman wata hanyar samu.

Sakamakon shi ne gonaki sun haura 1,000, filin da ke dashe ya wuce hekta 4,000, ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara goma. Duk da haka a sa abin a ma'auninsa: Shamfen kaɗai na da hekta kusan 34,000, tana fitar da kwalba wajen miliyan 300 a shekara.

Lissafin da bai daidaita ba

Nan ne gizo ke saƙar. A 2023, shekarar da aka cika kwalba miliyan 21.6, abin da aka sayar miliyan 8.8 ne. A 2024 cinikin ya ɗan haura miliyan 9. Ciniki na ƙaruwa, amma dashe ya fi shi gudu, kuma akwai gonaki masu yawa da ba su ma fara ba da amfani ba.

Masu kyakkyawan zato na cewa tazarar ba abin tsoro ba ce. Giya mai kumfa dama ajiye ta ake yi shekaru, kuma rarar shekarar yalwa ita ke cike giɓin shekarar ƙunci, kamar yadda manomi ke cika rumbu saboda baɗi. Masu ɗari-ɗari kuwa na nuni da cewa kowace kwalba da ke kwance kuɗi ne a ɗaure, kuma tun da kuɗin ruwa na banki ya tashi daga 2022, riƙe kaya ya yi tsada. Sun kuma kawo misalin Chapel Down, kamfani mafi girma a sana'ar, wanda a 2024 ya buɗe ƙofar a saye shi, daga baya ya janye ba a yi ciniki ba.

Farashi ma wani shinge ne. Kwalbar mai kumfa ta Ingila kan kama fam 25 zuwa 40, kusan daidai da Shamfen, alhali Prosecco, giya mai kumfa ta Italiya, ba ta kai fam 10 a manyan kantuna. Kuma ba za a iya karya farashin cikin sauƙi ba, domin hekta ɗaya a Ingila ba ta ba da yawan abin da hekta ke bayarwa a Faransa ko Italiya, ga tsadar lada. Abin da ake fitarwa waje bai kai kashi ɗaya bisa goma ba, kuma ƙasar Norway ce kan gaba wajen saye. Duk wannan na faruwa ne a lokacin da shan giyar inabi a duniya ya sauka ƙasa da yadda aka gani tun farkon shekarun 1960, har gwamnatin Faransa na biyan manoman Bordeaux kuɗi su tumɓuke kurangarsu.

Marar kumfa na biye a hankali

Irin da ya riƙe wannan ɓangare shekaru da dama shi ne Bacchus, ɗan asalin Jamus, mai ƙamshin ganye da fure. Sabon abu shi ne yadda ake samun Chardonnay da Pinot Noir da suka nuna sosai har a yi marar kumfa da su, musamman a kwarin kogin Crouch na Essex, wuri mai yumɓu, mai ƙarancin ruwan sama da yawan rana idan aka kwatanta da sauran ƙasar. Ga mai gona, amfanin marar kumfa a fili yake: ana iya sayar da ita cikin shekara guda, kuɗi ya juyo da wuri. Haɗarinta shi ne ta fi dogara da kyawun shekara, jar giya musamman.

Inda ake ja-in-ja

Na farko haraji. Daga 1 ga Agustan 2023 Birtaniya ta koma karɓar harajin barasa gwargwadon ƙarfinta. A lokacin, harajin kwalbar mai kumfa ya sauka daga fam 2.86 zuwa 2.67, na marar kumfa kuma ya tashi daga 2.23 zuwa 2.67. Akwai rangwame ga ƙananan masana'antu, amma ya tsaya ga abin shan da ƙarfinsa bai kai kashi 8.5 ba, don haka masu giyar inabi ba su shiga ciki ba. Ƙungiyarsu, WineGB, na neman a sassauta haraji a kan abin da aka sayar a ƙofar gona, tana cewa hakan zai raya karkara. Masu fafutukar kiwon lafiya na gani dabam. A 2023 mutum fiye da 10,000 ne barasa ta kashe kai tsaye a Birtaniya, adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa zuwa lokacin, kuma a farkon 2023 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon shan barasa da ba shi da illa. A wurinsu barasa barasa ce, ko a Kent aka yi ta ko a Italiya. Masu gonaki na amsawa da cewa ba kwalbar fam 30 ce ke jawo wannan ɓarna ba.

Na biyu rigimar cikin gida ce. Wasu sun fara yin tsimuwa ta biyu a babban tanki maimakon kwalba, yadda ake yin Prosecco, abin da ke rage lokaci zuwa 'yan watanni, ya karya farashi. Tsofaffin gidaje na tsoron mai araha za ta zubar da sunan da suka shafe shekara talatin suna ginawa. Masu tanki na cewa ba kowa ke da fam 35 ba, kuma rarar inabin dole ta sami inda za ta. An kuma yi cacar baki a 2022 da aka ba Sussex kariyar suna ta musamman. Masu suka, musamman daga Kent, sun ce iyakar gunduma ta mulki ce, ba ta da alaƙa da irin ƙasa ko yanayi.

Su wa abin ya shafa

Tsinkar inabin mai kumfa da hannu ake yi galibi, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, cikin sanyin safiya, mutum na sunkuye da almakashi yana cika kwando. Shekaru da yawa 'yan Romaniya da Bulgeriya ne ƙashin bayan wannan aiki. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, 'yancin zuwa aiki ba tare da biza ba ya ƙare a ƙarshen 2020, samun hannu ya yi wuya, lada ya tashi, wasu manyan gonaki suka fara sayen injin tsinka. Ayyukan dindindin sun fi yawa a wajen tarbar baƙi, domin gonaki da dama sun gano cewa yawon gona da gidan abinci da ɗaukar bukin aure sun fi kwalbar kanta riba. Kwalejin Plumpton da ke Sussex ta Gabas na horar da matasa a wannan sana'a har matakin digiri.

Mazauna ƙauyukan sun rabu. Wasu na murna da ciniki, wasu na ƙorafin manyan motoci a kan ƙananan hanyoyi da gine-ginen masana'anta a wuraren da doka ta keɓe saboda kyawunsu. Matashin da ke son fara noman hatsi a tudun da ke fuskantar kudu kuma yanzu da attajirin Landan yake takarar fili.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne manomin da ya dasa inabi don ya sayar wa masana'anta, ba shi da wurin matsa nasa. Wanda ke da kwantiragi na shekaru yana da ɗan kwanciyar hankali. Wanda ba shi da shi, a shekarar yalwa kamar 2023 yakan tarar tankunan kowa sun cika, farashi ya faɗi, inabi kuma ba hatsi ba ne da za a zuba a buhu a jira kasuwa ta gyaru. A shekarar ƙunci kamar 2024 farashin ba ya amfana masa kome tunda ba kayan. Kurangar da ya dasa za ta iya shekara talatin a ƙasa, kuma tumɓuke ta don komawa alkama na nufin yafe duk abin da ya kashe a kan dashe da turaku da waya.